Rediyo ba ta tambayar mutum ko shi wane ne

Saura kamar sati uku a kama azumi Baba ya kira ni da hantsi. Ko gaisuwa bai bari mun ƙarasa ba ya ce, "Habibu, in ka sami sarari ka zo ka ɗauke injinka."

Na ce, "Subhanallahi, Baba, lalacewa ta yi?"

Ya ce, "Lafiyarta ƙalau, ni ne dai ba ta sani ba. Kullum sai ta ce in ba ta lamba, in na ba ta ta ce ba ita ba ce. Shekara nawa ina da rediyo a ɗakin nan? Ba ta taɓa tambayata ko ni wane ne ba. Murɗawa nake yi ta kama magana."

Abin da yake kira injina tsohuwar kwamfuta ce ta kan tebur, irin na hannu da ake shigowa da su bayan ofisoshin Turai sun gama cin moriyarsu. A titin Beirut da ke nan Kano na saye ta shekarun baya, na yi aikin buga takardu da ita har Allah ya hore mini laftof, sai na jingine ta tana shan ƙura. Da aka yi wa Baba aikin yanar ido, duba littafi ya yi masa wuya, rubutun waya kuma ya yi masa ƙanana, sai na kai masa ita gida Fagge, na girka ta a ɗakinsa na soro da lasifika biyu. Na zuba masa karatun Alƙur'ani izu sittin, da tafsirin marigayi Malam Isa Waziri, da wasu tsofaffin karatuttuka da ƙanena ya juyo daga kaset. Baba ya kusan shekara arba'in yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, lissafin dila goma a ka yake yin sa, amma bai yi boko ba, da ajami yake rubutu. Na san kalmar sirri mai haruffa za ta wahalar da shi, shi ya sa na ba shi lambobi huɗu kawai, ina ganin na gama dabara.

Ranar Asabar na hau adaidaita sahu daga Hotoro na iso wajen sha ɗaya. Na roƙe shi ya kunna ya shiga ina kallo, na kuma yi wa kaina alkawari ba zan sa baki ba. Ya gyara gilashi, ya kai hannu ɓangaren dama na kibod, inda lambobi suke a jere kamar na kalkuleta, domin nan hannun ɗan kasuwa ya saba. Ya danna huɗun nan daidai, babu kuskure ko ɗaya. Amma 'yar fitilar Num Lock, maɓallin da ke kunna lambobin wannan ɓangaren, a mace take, saboda haka babu abin da ya shiga. Da ya ga shiru sai ya koma layin lambobi na sama, hannu na ɗan rawa, lamba ɗaya ta shiga sau biyu. Shi kuwa ɗigo-ɗigo kawai yake gani a allo, ba shi da yadda zai gane wata lamba ta shiga sau biyu. Bayan ya yi ta gwadawa, sai Windows ta fito da wani sabon rubutu, wai sai an buga A1B2C3 kafin ta yarda a sake gwaji. Dabara ce ta tabbatar da cewa mutum ne zaune ba wani abu ne ya danne kibod ba, amma wa zai yi wa dattijo wannan bayanin? Ya juyo ya dube ni ya ce, "Ka gani ko? Yanzu kuma ta canza tambaya."

Da sau ɗaya ake kunna ta a yini, da sai in koya masa Num Lock in huta. To a unguwarsu ana iya ɗauke wuta sau uku sau huɗu tsakanin asuba da isha'i, kowane ɗaukewa kuma jarrabawar nan ta dawo sabuwa. Nan na yanke shawara a raina: kwamfutar nan sai ta koma rediyo.

Hanyar da na sani tun zamanin Windows 7 ita ce a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta netplwiz a ɗan akwatin da zai fito. Taga za ta buɗe da sunayen masu amfani da kwamfutar, a samanta akwai layin da ke cewa dole sai an shigar da suna da kalmar sirri kafin a yi amfani da ita, da ɗan akwati mai alama a gefensa. Cire alamar nan shi ne aikin gaba ɗaya. Na buɗe, ga sunana, amma layin babu shi babu dalilinsa. Na rufe na sake buɗewa kamar wanda ya duba aljihu bai ga kuɗi ba ya sake dubawa. Ashe tun sabuntawar Windows 10 ta shekarar 2020, idan da asusun Microsoft kake shiga kuma aka kunna tsarin shiga ba tare da kalmar sirri ba, wanda suke kira Windows Hello, layin ɓuya yake yi. Hujjarsu a fili take, an ce kwamfutar ta daina aiki da kalmar sirri, to me za a ajiye mata ta riƙa shiga da shi? Maganin yana cikin saiti, ɓangaren Accounts, ƙarƙashin Sign-in options. Akwai wani makunni da ke tilasta shiga da Windows Hello ga asusun Microsoft, na kashe shi, na sake kiran netplwiz, sai ga layin ya dawo mazauninsa. Wasu ta cikin rajista suke bi, wato rumbun da Windows ke ajiye saitunanta na ciki, su mayar da wata ƙima mai dogon suna, DevicePasswordLessBuildVersion, daga 2 zuwa 0. Ni dai ban kai can ba, kuma ba na son taɓa rajista in akwai wata hanya.

Na cire alamar, na danna Apply, ta nemi kalmar sirri sau biyu. Hannuna da kansa ya buga lambobi huɗun nan da na saba. Ta karɓa ba gardama, na ce wa Baba an gama, na kashe na kunna ina murmushi. Sai ga ta ta tsaya da saƙon cewa suna ko kalmar sirri ba daidai ba ne. Baba bai ce komai ba, carbinsa kawai ya ci gaba da ja, wanda ya fi magana ciwo.

Abu biyu na koya a nan. Lambobi huɗun nan fin ne, wato PIN, kuma fin daban, kalmar sirrin asusu daban. Fin na wannan kwamfutar ne ita kaɗai, shiga ta kai tsaye kuwa ainihin kalmar sirri take buƙata. Sannan tagar netplwiz ba ta tantance abin da ka ba ta, ko sunan kakarka ka rubuta za ta karɓa ta adana, sai an zo kunnawa asiri ya tonu. Na daɗe ina lalubo tsohuwar kalmar a ƙwaƙwalwata, don na fi shekara ban buga ta ba. Da na tuno, na sake bi daga farko, na kashe na kunna. Wannan karon ta wuce kai tsaye, babu tambaya, sai ga allo ya buɗe. Baba ya ce, "To, yanzu ta yi hankali."

Na fita tsakar gida yin alwalar azahar, na bar wayata tana ba kwamfutar intanet. Ina dawowa na tarar da Ummi, 'yar yayana da ke aji biyu a ƙaramar sakandare, zaune a kan kujerar tana juya linzami. Ta ce, "Baffa, wannan ba takardar filinka ba ce? Ga ma hoton katinka na ɗan ƙasa."

Gabana ya faɗi. Ni da na zo cire wa Baba ƙaya, ashe garin neman gira zan rasa ido. Asusun da na buɗe wa duniya nawa ne. Akwatin imel ɗina na ciki, OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, ya jawo duk takardun da na taɓa ɗauka a hoto, burauza kuma tana riƙe da kalmomin sirrin shafuka da yawa da na ce ta tuna mini. Kafin yau lambobi huɗun nan ne kaɗai suka tsare duk wannan, ni kuma na zo da hannuna na cire su. Ɗakin soro kuwa kowa ya san yadda yake. Almajirin gida na shiga ɗaukar kwano, abokan Baba na zuwa hira bayan la'asar, jikoki na shiga su fita kamar kasuwa, ƙofa a buɗe tun safe. Ba zargin kowa nake yi ba, amma yaro ɗan shekara huɗu ma ya isa ya goge maka takardar da ba ka da kwafinta.

Da na yi wa Baba bayani, sai ya yi dariya ya ce, "Wato ka ɗauke ƙyauren soro, ka manta turakarka a buɗe take. Mu a kasuwa kaya muke bazawa a gaba kowa ya taɓa, akwatin kuɗi kuwa yana ƙarƙashin mai shago."

Maganarsa ce ta ba ni tsarin da na bi. Baba zai sami asusunsa na kansa, na cikin kwamfutar kawai, wanda ba a ɗaure shi da imel ko wani abu na intanet ba, babu komai a ciki sai karatu. Shi za a bari a buɗe. Nawa kuma ya koma bayan kwaɗo.

Na shiga saiti zan ƙirƙiri asusun, na ce ba ni da imel ɗin mutumin, na zaɓi asusu marar Microsoft, na sa suna da kalmar sirri. Sai ta ce sai na zaɓi tambayoyin tsaro guda uku na amsa. Na duba jerin: sunan dabbar da ka fara kiwo, garin da iyayenka suka haɗu, sunan da ake kiranka da shi kana yaro. Na ɗaga kai na dubi Baba da farin gemunsa. Wane ɗa ne zai tsaya gaban mahaifinsa ya tambaye shi laƙabin da ake tsokanarsa da shi yana yaro? Da na yi tunani da sai in rubuta duk abin da ya zo mini, tunda babu mai dubawa. Amma son nuna gwaninta ya ja ni, na rufe saitin, na buɗe baƙar tagar umarni da cikakken iko, na rubuta net user Baba * /add. Ta nemi kalmar sirri sau biyu, na ba ta, cikin daƙiƙa biyar asusu ya samu, babu tambaya ko ɗaya. Na ji daɗin kaina ƙwarai. A riƙe wannan wurin, zan dawo kansa.

Wani alherin wannan hanya shi ne asusun da ta haifar ba shi da ikon mai gida. Ba zai iya girka manhaja ko sauya manyan saituna ba sai an kawo kalmar sirrina, don haka Abba, takwaran Baba mai shekara huɗu, da yayyensa ba za su cika ta da wasannin mota ba. Kalmar sirrin da na sa masa kuwa sabuwa ce fil, ba na amfani da ita a ko'ina. Dalili shi ne duk kwamfutar da ke shiga da kanta dole ta ajiye kalmar a cikinta. Windows na ɓoye ta a wani lungu, ba a rubuce ƙarara ba, amma mai cikakken iko a kan na'urar zai iya zaƙulo ta. Tsohuwar hanyar da wasu ke bi ta rubuta ta da hannu a rajista, a gurbin DefaultPassword, ta fi muni, don a nan tsirara take zaune kowa ya karanta.

Na koma netplwiz, na mayar da alamar, na zaɓi sunan Baba, na sake cire ta, na ba da kalmarsa a hankali harafi bayan harafi. Na kwashe karatuttukan na kai babban folda na kowa da kowa, wanda ake kira Public, don asusunsa ya gan su. Sannan na koma nawa na yi shara: na raba shi da OneDrive, na goge takardun da suka sauko, na fita daga burauza na share abin da ta haddace. Na yi haka ne don kalmar sirrin Windows ba ta hana wanda ya ɗauke kwamfutar ɗungurungum karanta abin da ke ciki. In ba a rufe faifan ajiyar da BitLocker ko makamancinsa ba, zare shi kawai za a yi a jona a wata na'ura. Abin da ba na so a gani, gara kada ya kwana a soro. Na kashe na kunna sau uku, kowane karo tana faɗawa asusun Baba. Na yi sallama na koma Hotoro ina ganin an rufe babi.

Washegari bayan la'asar Ummi ta kira. "Baffa, Alhaji ya ce a gaya maka ta koma halinta."

Abin da ya faru shi ne ya tsayar da karatu ya tafi masallaci, ya tsaya gaisawa da mutane, ya dawo ya tarar allo ya yi baƙi. Ya motsa linzami, ta farka, ta tare shi da tambayar kalmar sirri, wadda a wannan karon ma bai san ta ba sam. Ni na ɗauka ƙofa ɗaya ce, ashe shiga lokacin kunnawa daban, farkawa daga barci daban. Yadda Windows 10 take zuwa, in an bar kwamfutar tebur babu mai taɓawa, allo na mutuwa bayan minti 10, ita kuma ta yi barci bayan minti 30. Muddin sauti na tafiya ba ta barci, shi ya sa ban lura ba ranar Asabar. Sallah da gaisuwar bakin masallaci kuwa sun fi rabin awa.

Litinin da yamma na dawo. A wurin nan dai na Sign-in options akwai tambayar yaushe Windows za ta sake neman ka shiga in ka tashi ka bar ta. Tana kan lokacin farkawa daga barci, na mayar da ita Never, wato kada ta sake tambaya har abada. Na wuce ɓangaren wuta da barci, na hana ta barcin gaba ɗaya, na bar allo kawai ya riƙa mutuwa bayan minti 15, tunda mutuwar allo a irin wannan tsohuwar na'ura ba ta jawo kulle. Akwai ƙofa ta uku da mutane ke mantawa, ta hotunan da ke yawo a allo in an daɗe ba a taɓa ba. A tagar saitinsu akwai ɗan akwatin da ke cewa a nuna shafin shiga in an dawo, kuma kowane asusu da nasa. Na Baba babu alama a ciki, na dai leƙa na tabbatar. Saura guda ɗaya da na sani na ƙyale: in aka danna maɓallin Windows tare da L, nan take za ta kulle, kuma Abba in ya sami kibod da tafin hannu biyu yake duka. Ana iya toshe wannan ma, amma na ga bai kai a wahala ba. Na ce wa Ummi in hakan ta faru a kashe a kunna kawai, za ta shige da kanta.

Ina cikin wannan aka ɗauke wuta. Muka zauna a duhu-duhun magariba muna hira, can aka dawo da ita, fanka ta juya, kwamfuta kuwa shiru sai an danna mata maɓalli. Akwatin nata a ƙarƙashin tebur yake, Baba kuma sunkuyawa na ba shi wahala saboda baya. Ya ce, "Rediyo dai in an kawo wuta da kanta take tashi." Na ce a raina, wannan rediyo ta zame mini alaƙaƙai.

Wannan gyaran ba a cikin Windows yake ba, a BIOS yake, saitin da ke jikin allon uwar na'urar tun kafin Windows ta farka. Ana shiga ne da danna wani maɓalli da zarar an kunna, a Dell yawanci F2, a HP kuma F10. A ɓangaren wuta akwai zaɓin abin da za ta yi in wuta ta dawo bayan yankewa: ta zauna a kashe, ta kunna kanta, ko ta koma yadda take kafin a ɗauke. Na zaɓi ta kunna kanta, na adana, na zare filogi na ɗan jira na mayar don gwaji. Maimakon ta wuce, sai ta tsaya a baƙin allo tana ƙorafin agogonta ya ɓace, a danna F1. Sai a lokacin na tuna kwanan watan da na gani a kusurwa ranar Asabar ba daidai yake ba, na gyara shi ban kawo komai a raina ba. Ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3, wanda ke riƙe agogo da saitin BIOS in babu wuta. Nata ya tsufa, ba mamaki tun wanda ta zo da shi ne. Na aiki yaro wajen mai gyaran agogo a bakin titi ya sayo, na buɗe murfi, na hure ƙurar hunturu da ta yi dam a kan fanka, na canza shi, na sake saitin. Na kuma jona ta ta cikin stabilaiza mai jinkirin nan, don wutar da ake dawowa da ita wani lokaci da ƙarfi take zuwa, ba na so ta zama ita ce mai fara tarbar ta.

Tunda na zo nan sai na ce bari in ƙarasa ladana. Na danna Windows da R a asusun Baba na rubuta shell:startup, folda ta buɗe wadda duk abin da aka saka a ciki yake tashi tare da shiga. Na haɗa jerin karatun a VLC, manhajar da ke kunna sauti, na jefa a ciki. Aka gwada: wuta ta zo, kwamfuta ta tashi, ta shiga, karatu ya kama, babu wanda ya taɓa komai. Baba ya sa mini albarka har sau biyu.

Kwana uku bayan haka Umma ce ta kira da kanta, kuma in Umma ta kira da sassafe to akwai magana. An ɗauke wuta tun bayan isha'i, kowa ya kwanta, ba a dawo da ita ba sai wajen ƙarfe biyun dare. Sai gida ya ɗauka da muryar malami daga soro, lasifika a ƙure yadda Baba ya bar ta. Yayana ya fito da tocila da taɓarya yana zaton mutum ne ya shigo, yara suka farka da kuka, maƙwabci ya leƙo ta katanga yana tambaya ko lafiya. Umma ta ce, "Habibu, karatu abin so ne, amma ba da tsakar dare a kan mutane ba. Ka zo ka yi wa abin nan linzami."

Gyaran bai ɗau minti biyu ba. A cikin cikakken saitin VLC, ɓangaren jerin sauti, akwai alamar farawa da kai, na cire ta. Yanzu in wuta ta zo kwamfuta za ta tashi, ta shiga, ta buɗe jerin, ta yi shiru tana jira. Na nuna wa Baba dogon maɓallin nan na ƙasan kibod, wanda ya fi kowane girma, ko babu gilashi hannu zai same shi. Bugu ɗaya karatu ya fara, bugu ɗaya ya tsaya. Na manna masa ɗan jan salatif a kai. Ya gwada ya ce wannan ai ya fi murɗa rediyo sauƙi.

Azumi ya kama, abu ya zauna lafiya. Bayan sahur yana sauraren izu ɗaya, da hantsi tafsiri, abokansa ma suka mayar da soron wurin zama. Ni kuma na cire ta daga intanet gaba ɗaya, don ba ta buƙatarsa, ga shi kuma Microsoft ta sanya 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Windows 11 kuwa tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da injin da ya fi na wannan tsohuwa sabunta, don haka ba ta da hanyar hawa. Kwamfutar da ba ta tambayar kowa komai, kuma ba ta da rabon gyara bayan wannan rana, ban ga dalilin barin ta a jone da duniya ba.

Goman ƙarshe ta shiga, ina kasuwa ina fama da cinkoson masu sayayyar sallah, sai ga kiran Ummi. Ta ce kwamfuta ta tsaya a shafin shiga, ta karanto mini Turancin: kalmar sirri ta ƙare, dole a canza ta. Ta ce, "Baffa, in sa mata sabuwa? Ga wurin nan ta buɗe."

Na ce, "A'a, kada ki taɓa. In kika canza, wadda ta ajiye a cikinta ta zama tsohuwa, gobe ma ba za ta shiga ba."

A cikin adaidaita na yi ta lissafi da yatsu. Daga Asabar ɗin da na ƙirƙiri asusun zuwa ranar, sati shida cif, kwana 42. Nan na gane sauri ya haifi nawa. Windows na da tsohuwar ƙa'ida cewa kalmar sirrin asusun cikin gida kwana 42 take yi ta ƙare, sai dai in an yi wa asusun alamar kada ta ƙare. Umarnin da na buga don in tsere wa tambayoyi uku bai sa wannan alamar ba, ni kuma ban duba ba. An gudu ba a tsira ba, kunyar tambayar laƙabin Baba ta jawo mini ratsa Kano da azumi a baki cikin zafin rana.

Na isa ana saura kaɗan a sha ruwa. Na shiga asusuna, na buɗe baƙar tagar da cikakken iko, na rubuta net accounts /maxpwage:unlimited, wato kalmar sirri ta daina tsufa a wannan kwamfutar. Na bi da net user Baba don in gani da idona, a layin ƙarewar kalmar sirri aka rubuta Never. Na zare filogi na mayar. Stabilaiza ta yi ɗan jinkirinta ta ƙyasta, fanka ta juya, tambarin Windows ya wuce, jerin karatu ya buɗe ya tsaya.

Baba yana kan buzunsa yana kallo, ga dabino da kunun tsamiya an jera. Ya ce, "Wai ita kalmar nan da ake ta rigima a kanta, ni mai kayan ba za a gaya mini ita ba?"

Na ce, "Baba, ai ba za ka buƙace ta ba."

Ya ce, "Haka ka ce wancan karon."

Na yagi takarda zan rubuta, ya ce in kawo biron. Na riƙa faɗa masa harafi ɗaya-ɗaya yana rubutawa da ajami, ya ninke takardar, ya jawo tsohuwar jakar fatar da makullan shagonsa na Kwari suke ciki har yau, ya cusa ta a nan ya zuge. Ladan ya ɗaga murya daga masallacin unguwa, Baba ya miƙo mini dabino, Abba kuma ya lallaɓa ta bayanmu ya kai wa jan salatif ɗin nan duka.